Tukunyar da Ba Ta Ga Wuta Ba

Zane uku naɗe cikin takarda, burushi bakwai, da wasiƙar gayyata zuwa baje kolin sabuwar jiha. Kayansa ke nan daga Zariya, bayan shekara biyar yana koyon zane. Da la'asar za a rufe karɓar aiki a Birnin Kebbi, amma ya ce wa direba su ratse Argungu. Yana so ya ji abin da mahaifiyarsa za ta ce in ta ga kayan girkinta a takarda.

A gida ya baje mata zanen ukun a tabarma: turmi, faifai, da tukunyar tuwo bisa murhu. Ta daɗe tsugune gaban na ukun.

"Wagga tukunya ta wa ta?"

"Taki ta, Inna."

"Ina baƙin gindinta? Ina toka?"

Ya ce cire su ya yi don ta fito fes gaban manya.

"Madalla," ta ce. "Tahi ka rataye ta, Kabi duka ta gani gidanmu ba a hura wuta. Shekara talatin ba ku kwana da yunwa ba, yau ka kashe min murhu."

Shi tsabta ya zana, ita yunwa ta gani.

Direba ya danna hon a waje. Ɗan nata ya leƙa ya sallame shi, ya ɗauko zanen tukunyar da burushi, ya shiga ɗaki da su, ya rufe ƙofa.

"Su rufe karɓar aikin, Inna. Ba ni kai ta sai ta yi baƙi."