Marini da Rijiyar da Ta Yi Zartsi

Ke Tabawa, bar zumɓura bakin nan don an ɗora miki laifin da ba naki ba, zauna ki ji. An yi wani marini a wani ƙauye, karofinsa bai fi taku arba'in daga rijiyar gari ba. Wata bazara aka ƙara wa rijiyar zurfi, sai ruwanta ya yi zartsi. Sabulu ya ƙi kumfa, wake ya wuni a wuta bai nuna ba. Mutane suka ce ai ruwan rininsa ne ke tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa. Mai gari ya ce kafin saukar damina a cike ramukan nan, ramukan karofin da marinin ya gada tun daga kakansa, da su yake ci da iyali. Bawan Allah bai yi rantse-rantse ba, bai zagi kowa ba. Kwalabe uku ya wanke, ya cika ɗaya a rijiyar gari, ɗaya a karofi, ɗaya a 'yar rijiyar masallaci mai daɗin sha. Ya hau kekensa sai birni, wurin masu auna ruwa, ya ce su gaya masa gaskiya ko da shi za ta kayar.

Bayan sati uku sai ga malamar da ta auna, da ƙafarta, har ƙofar mai gari. Ta ce ruwa ma yana da tsagar gado, na'ura na karanta ta. Na karofi da na masallaci 'yan ɗaki ɗaya ne, ruwan saman bara da bara waccan. Na rijiyar gari kuwa tsoho ne tukuf, tun ba a kafa garin ba yake kwance kan dutse mai gishiri, masu haƙa ne suka fasa lakar da ta rufe shi. Ta juya ga marini ta ce, "Baba, ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa shi da ruwanka ba." Marini ya fashe da dariya har da ƙwalla, yana tafi da shuɗɗan hannayensa. Aka toshe gindin rijiya da laka da siminti, ruwa ya dawo garɗinsa, mata suka rangaɗa guɗa. Waɗanda suka fi kowa baki a kansa su ne suka fara kawo masa zannuwan salla, shi kuwa ya rina musu har da ƙarin sheƙi, yana tsokanarsu ko wake ya nuna. To kin ji, 'yar nan. Tashi ki je ki bi ba'asi, matambayi ba ya ɓata.