Makirufon Hagu

Kwana uku ke nan Badaru yana fama da makirufo biyu a ɗakinsa a Dutsin-Ma. So yake sautin jitarsa ya cika kunnuwa biyu. Ya gicciya su, ya raba su, ya sauya wayarsu, amma in ya saurari abin da ya naɗa a hedifon, ɓangaren hagu shiru.

"Wannan makirufon ya mutu, gobe zan mayar wa mai shi a Kurfi," ya ce wa ƙanwarsa Hamdiyya.

Ta sa hedifon ta saurara. "Yaya, ai duka biyun ana jin su raɗau."

Ya fizge hedifon, ya sa shi a juye, ya sake kunnawa. Har yanzu hagun ne shiru.

Hamdiyya ta raɗa sunansa a kunnen hagu. Bai waiwayo ba.