Shuɗin faci a gyalen Bature

Ina shagon Baba bayan lekkol, wato makaranta, sai wani Bature ɗan Italiya ya dawo karɓar ƙaramin gyalensa mai hoton dodon koɗi. Da ya ga shuɗin facin da Baba ya yi masa, ya dafe kai. Direbansa ya fassara mana: a garinsu unguwanni kan fito da tutoci cikin kayan kakanni, su yi tseren dawaki, dodon koɗi shi ne alamar unguwarsu, shuɗi kuwa launin abokan hamayyarsu ne.

Baba na farke ɗinkin, ni na kasa zama. A hankali na ce, "Baba, mu wane launi ne namu a nan garin Tamanrasset?"

Bai ɗago ba. "Mu baƙi ne, 'yata. Miƙo almakashi."

Na tsinci shuɗin ƙyallen da ya cire. Gari gari yake bina har yau, ban sami inda zan ɗaura shi ba.