Izinin Binne Kefas

Tun da aka mayar da kowane hukunci hannun Paparoma, Fada Istifanus ba ya binne kowa sai da izini. Damaris ta tsaya gaban akwatin magana na bakin coci, wanda ta cikinsa ake roƙon Paparoma izini, gawar mijinta na gida, rana na ƙara zafi. Shekara ashirin rabon mamacin da sujada, tana tsoron a hana.

"Yi magana, Mama," in ji Fada.

Ta share hawaye. "Uba Mai Tsarki, mijina..."

Takarda ta fito daga akwatin. Fada ya karanta: "An amince a binne Kefas Ɗanladi."

"Fada, ko sunansa ban faɗa ba. Shi da kansa ya saurare ni?"

Fada ya ninke takardar. "Mu je, Mama, kafin a sake shawara."