Jeren da Aka Kwashe da Hantsi

Sunan garin ya ɓace mini, ɗan'uwa. Wata rana in ce a ƙasar Zazzau ne, wata rana in ga kamar wajen Gumel ne, don ƙafata ta taka wurare da yawa, kai kuwa ya fara yoyo kamar tsohuwar ƙwarya. Amma abin da ya faru yana nan daram, bari in ba ka shi.

Wata mata ce mai sana'ar ƙuliƙuli za ta aurar da 'yarta ta fari, auren so, kowa na murna. Abu ɗaya ne ya hana ta sakat, shi ne jere. Ka san ranar da dangin ango suka shiga ganin ɗakin amarya, abin da idonsu ya gani shi za su riƙa faɗa har yarinya ta yi jika. Ita kuwa iyakar ƙarfinta kabad mai gilashi ne, da agogon bango, da kofunan tangaran shida, da jan fulas guda. Kabad hawa huɗu, kaya ko hawa ɗaya ba su cika ba. Sai ta yi abin da akan yi a ɓoye: ta je wurin wata maƙwabciya mai hali, ta aro kwanukan tangaran masu ruwan zinariya a baki, a kan za a mayar bayan kwana bakwai. Aka kai gidan ango aka jera, ɗaki ya ɗauki ido. Ta tsaya a bakin ƙofa tana ta murmushi ita kaɗai.

Ranar da za a zo ganin ɗaki, da hantsi, sai ga maƙwabciya da kwando tana haki. Surukanta ne suka faɗo mata daga birni ba sanarwa, dole ta fita kunya. "Ki yi haƙuri, Yaya, wallahi ba a son raina ba." Kafin ka ce kwabo kabad ya koma wayam, dangin ango kuwa suna tafe bayan la'asar. Uwar amarya ta zauna a bakin gado. Gwaggonta, wata tsohuwa mai baki da ta zo biki, ta dube ta ta ce, "Ke, tashi! Uwarki da kakarki a ƙasa suka ci tuwo? Ina adudun nan na ƙarƙashin gadonki?" Ta ce, "Haba Gwaggo, kayan ƙauye? So kike a yi mana dariya?" Tsohuwa ta ce, "Dariya kam an riga an tanada. Gara a yi wa ɗaki mai kaya da a yi wa fanko."

Ita da kanta ta ruga gida ta ɗauko adudun a ka. Da aka buɗe, sai ga tasoshin tagulla uku na kakarta, sun yi kore don daɗewa. Ga akushi baƙi ƙirin. Ga faya-fayai masu ja da shuɗi, saƙar uwarta. A ƙasa kuma langa masu furanni na aurenta ita kanta, ɗaya ta ɓare a baki. Nan fa gida ya rikice! Wannan ta kawo toka, waccan ta jiƙa tsamiya, aka duƙufa ana dirzar tagulla har ta fara mayar wa mutum da fuskarsa. Aka shafe akushi da man gyaɗa. Da fari matar ta so ta cusa tsofaffin kayan can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Amma garin neman wurin ajiye kofuna, ta ɗora su kusa da babbar tasa, sai hasken taga ya bugi tagulla ya zubo a kan farin tangaran. Ta yi turus. Daga nan babu wanda ya ƙara gaya mata yadda za ta yi. Ta aje jan fulas kusa da baƙin akushi, ta bar musu hawa guda su biyu kawai. Ta kewaye agogo da faya-fayai a bango. Langa ta jera su a sama, furanni waje, ɓararren bakin ya dubi bango. Tana yi tana ja da baya tana kallo, tana cewa, "Ku duba, don Allah ku duba!"

Bayan la'asar dangin ango suka iso, a gabansu yayar uban ango, wadda duk unguwa ke tsoron harshenta. Ta shiga ta ƙare wa ɗaki kallo. Sai ta buɗe kabad, ta ɗauki tasa, ta ƙyasta ta da farce. Tasa ta yi ƙara mai tsawo. Ta ce, "Wannan ba a kasuwar yanzu aka saye ta ba." Uwar amarya ta ce, "Ta kakata ce." Mai harshi ta ce, "Ashe 'yar babban gida muka ɗauko." Ita ta fara rangaɗa guɗa, sauran suka amsa.

Bayan wasu shekaru na sake bi ta garin, na sauka a zauren mijin wannan mai harshi, na tambaye shi. Ya ce haka aka yi, ya kuma ƙara mini da abin da uwar amarya ba ta sani ba. Kwanukan nan masu ruwan zinariya sun riga sun kwana a ɗakin amare huɗu a unguwar. Matarsa ta san su har da murfin da ya tsage, kuma ta taho ne da maganar da za ta yi in ta gan su karo na biyar.

Shi ya sa Hausawa suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.