Abin da ke Rataye a Bayan Gidan Nelcy

Doña Nelcy ta rufe tagogin gidanta duka, ta kora kaji cikin akurki da rana tsaka, sannan ta fito tarbar mutumin da ta aika a kira mata.

Kowa a bakin kogin Sinú ya san sana'ar Evaristo. Raguwar bishiya yake kamawa, dabbar nan mai dogayen farata da take wuni rataye a reshe kamar tsumman da aka shanya aka manta. Uwar ba ta dame shi ba, ɗan da yake manne a cikinta yake so. Ya yanke masa farata, ya kai shi bakin titi, masu motoci su saya wa yaransu. Tsufa ya fara cin idonsa, amma duk wanda ya faɗa masa haka sai ya sha zagi.

"Ke ce mai raguwar?"

"Ni ce, Don Evaristo. Tana bayan gida, ita da ɗanta. Ka kwashe su, ko peso ɗaya ba na so."

"Kyauta? Me ta ci miki, baiwar Allah? Dabbar da ko ƙuda ba ta iya kora?"

"Saboda raguwa 'yata take kwance."

Ba ƙarya ta yi ba. Bara ne Yuleidis, 'yarta tilo, ta je wanki a rafi, bishiya ta faɗo mata a ƙugu. Da mutane suka zo ɗaga ta, sun tarar da raguwa cikin rassan, tana ta lalube nata cikin da farata, ɗanta babu shi. Tun ranar ƙafafun yarinyar ba su sake motsi ba. Nelcy ce ke ɗaga ta, ita ke mata wanka, ita ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Ko abinci take ci sai tunanin ya zo mata: ranar da ba ta, wa zai yi? Ubangiji ya tsare mana 'ya'yanmu.

Evaristo bai tambayi komai ba, labarin 'ya'yan mutane ba ya cikin cinikinsa.

Bishiyar da ke bayan gidan Nelcy doguwa ce, ta ninka tsawon gidan. Can sama, tsakanin rassa biyu, wani dunƙule mai launin toka yana rataye, ko gezau. Ya ƙanƙance ido.

"Barci take, 'yar banza. Haka suke, har gansakuka ta tsiro musu a gashi ba su motsa ba."

Ya sa ƙafa ya tona busassun ganyen gindin.

"Ban ga kashinta ba. Mako-mako take saukowa ta yi a nan. Ki bari ta sauko, a ƙasa zan ɗauke ta kamar gwanda."

"Na gaji da jira."

"To in sare bishiyar, mu huta."

Ta tare shi da sauri. "Kada ka soma! Rufin gidana yana kusa. In kuma gwiwa ce ta ƙi, ka faɗa min, ba abin kunya ba ne ga dattijo. Sai in nemo mai jini a jika."

Nan take ya tuɓe riga, ya cire takalmi, ya soke buhu a ɗamara, ya ɗauki sanda. Da ita yake kwaɗa wa uwar a kai har ta saki ɗan.

"Ke kuma wannan rigar ruwa fa, cikin zafin nan? Ko zazzaɓi?"

"Zazzaɓi," ta ce, ta ƙara ja da baya.

Ya wuce tsawon rufi. Ya wuce inda mutum zai faɗo ya tashi da ƙafarsa. Tana kallo ya zauna a reshe, ya maƙale da cinyoyinsa, ya ɗaga sandar da hannu biyu.

Ba ta tsaya ganin saukarta ba. Ta shige gida, ta danna sakata, ta zauna bakin gadon Yuleidis ta riƙe mata hannu.

Ihun ya daɗe. Sai ƙarar rassa suna karyewa ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, wa ke ihu haka?"

Nelcy ta gyara mata matashi.

"Mutumin da ya sare bishiya a kanki ne, 'yata, ya tsallake ki ya gudu da ɗan raguwa a buhu. Yanzun nan ya buga wa gidan rina sanda."