Dokin Bakin Bola

"Ko ni ko dokin nan!" in ji matata, ranar da ya cinye mata tabarma ta biyu.

A bakin bola na tsince shi, duk haƙarƙari a waje, ƙudaje na bin gyambon bayansa. Na wanke shi, na sa masa magani, na ɗaure shi a tsakar gida yana ta fizgar igiya. Na yi cigiya har na gaji, babu wanda ya ce nasa ne.

Wanzamin layinmu ya ce, "Kwance shi ka bi bayansa. Da ƙafarsa zai kai ka gidansu."

Na fitar da shi titi na sake shi. Ni da matata da rabin unguwa muka rufa masa baya. Ya zaga kasuwa, ya sha ruwa a wurin wankin mota, ya juyo ya shige gidan da muke haya. Ya tura ƙofar ɗakin kwananmu da kai, ya tsaya jikin zoben ƙarfen bango da nake rataye riguna.

Mai gidan ya leƙo, ya fara sosa ƙeya.

Na ce, "Baba, ka san shi ne?"

"Ɗakinsa ne. Shi na fitar, na yi fenti, na zuba ku." Ya shafa wuyan dokin. "Kuma shi bai taɓa yi min ƙorafin yoyo ba."

Matata ta dafa kafaɗata. "Ka yafe min. Ashe ba takalminka ne yake warin nan ba."